Jar Tukunya a Bakin Bak

Amadu da Rabi, da ku jikokina, akwai maganar da na daɗe ina ji tana yawo a tsakaninku, wai abin da ya raba gidanmu na Gaya da gidan Baffanku Isa na Yamai rigimar gado ce. Wane gado? Ubanku Garba abin da ya bari tabarma biyu ne, da akwatin ƙarfe, da ku. Ba wanda ya yi faɗa a kan tabarma. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni tafiya, ni ma ƙafa ta fara nauyi, shi ya sa nake so in ajiye muku shi a takarda yadda ya faru, kowa ya huta da ƙage.

Zamanin Nasara ne, Faransa na mulki, ba a ko fara zancen gada a kan kogi ba. Ubanku shofer ne, wato direba, na kamiyo, babbar motar kaya. Sanƙarau ya kama shi da bazara, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Kai Amadu kana shekara huɗu, Rabi tana goye. Ni kuwa 'yar Kamba ce, can ƙasar Ingilishi, ba ni da kowa a Gaya sai surukata, kakarku, wadda kowa ke kira Inna. A gidanta na yi takaba. Ina fita, sai ga Baffanku Isa ya zo daga Yamai. Shi ne ɗan farin Inna, fatauci yake yi, yana da rufin asiri. Saboda ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune gabanta, sai ta dubi bango ta ce a gaya wa na Yamai kaza. Ranar ya zauna a tsakar gida, ya yi gyaran murya, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ramatu ta koma Kamba wurin iyayenta, ta yi aurenta. Ɗiya kuwa jininmu ne, ni za ni riƙe su. Wa za shi ci da su nan?"

Kada ku ɗauka mugunta ce. Haka aka saba yi, kuma tambayarsa tana kan hanya, don Inna ba ta da sana'a sai kaɗin auduga. Ina bayan danga ina ji, na rungume Rabi har ta yi ƙara. Inna ta murza mazarinta, ta dubi bango.

"A gaya ma na Yamai a bar mata lokacin ɗari guda. In tukunyatta ta ci da gidanga har sanyi ya wuce, ɗiya su zamna wurin uwassu. In ta kasa, shi zo shi ɗauka, ba ni cewa komi."

Da haka aka tashi. Kun ga ke nan abin da ke cikin tukunyata a shekarar ba abinci kaɗai ba ne, ku biyu ne.

Bak wani babban jirgin ƙarfe ne mai faɗi da ke ƙetare da motoci tsakaninmu da ƙasar Dahome. Kamiyo kan yi kwana biyu, wani lokaci uku, yana jiran layi, shoferori da aprantinsu, wato yaran mota, suna zube a gindin itatuwa da yunwa. Nan mata ke kai abinci, nan ni ma na kai tawa bayan kaka. Na dafa dankali, wanda mu nan muke ce wa kudaku, da rogo, na daka ƙuli da tonka, wato barkono, na ɗauka a kai ina ganin kamar da isata za a wawashe. Na tarar da tukwane takwas a jere, duk kudaku da rogo, duk fari fat. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi: kowace tana da mutanenta tun shekaru. Ni sai wanda ya makara yake leƙo tawa. Kullum rabi nake mayarwa gida, shi za mu ci da dare, shi za mu ɗumama da safe, har ta kai Amadu in ya hango ni da tukunya sai ya fashe da kuka. Wata biyu ina wannan wahala, sanyi yana ƙara shiga, ni kuwa ina ƙirga kwanakinsa kamar mai jiran hukunci.

A kan hanyata ta zuwa bakin bak akwai garkar wani tsoho Badande, ɗan ƙabilar bakin kogin nan, Baba Tondi. Ya yi shekaru yana ban ruwa a garkar kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, da bayansa ya ranƙwafa aka sallame shi, ya fito da ragowar iri a ƙulle a tsumma, ya yi 'yar tasa a bakin ruwa. Hausarsa sai a hankali, mace da namiji duk kai yake ce musu. Wata safiya ya tsayar da ni da gaisuwar yarensu.

"Fofo, matar Garba. Kai zo nan. Mijinka ya taɓa kai ni Doso wurin lokotoro ina ciwo, bai karɓi ko tamma ba. Ɗauki wanga."

Ya turo mini kwando. A ciki akwai wasu saiwoyi dogaye masu launin ruwan goro, ya ce sunansu karoti. Akwai kuma wasu dunƙule-dunƙule kamar dunƙulen hannu, bayansu ba kyan gani, ya ce betarab. Ya yanka ɗaya da wuƙarsa, sai na ja da baya. Cikinsa ja ne wur, ja mai duhu irin na karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Ya ce Nasara da ɗanyen mai da ruwan tsami suke cinsa, su dai sun san ta kansu, ni in je in ga abin da tukunyar Bahaushiya za ta yi da shi. Ya ce mutanen gari ba sa saye, ruɓewa yake yi a ƙasa, in dinga zuwa ina ɗiba.

Farkon da na gwada, ɓarna na yi. Na zuba komai lokaci guda, kudaku ya narke ya zama kunu, betarab yana nan da tauri kamar goruba. Sai da na ɓata tukunya biyu na gane halin kowanne. Betarab shi ne mai taurin kai, shi ake fara dafawa shi kaɗai da ɓawonsa, in ya yi laushi ɓawon da kansa yake saɓulewa. Sai in soya albasa da man gyaɗa, in sa daddawa da tonka da busasshen kifi, in tsaida ruwa. Rogo ke fara shiga, sai karoti, sai gwaza in na samu. Kudaku ne na ƙarshe, farin da kuma mai rawayan ciki da ake kawowa daga Bengu, don shi ke narkewa ya ɗaure romon. Can dab da saukewa nake yanka betarab in zuba, in matsa lemun tsami ya kashe zaƙin. In ka buɗe murfi sai ka ga fari ga rawaya ga ruwan goro, jan yana bin su a hankali yana rina gefensu. Ƙamshinsa kuwa akwai wani abu na ƙasa a ciki, irin na ruwan farko. Yatsuna suka rine har farce, na wanke da toka, na wanke da sabulun salo, suka ƙi fita.

Ranar da na fara kai shi, wani shofer da ake kira Mamman Dogo, abokin ubanku, shi ya fara leƙawa.

"Kai! Matar marigayi, wanga fate ne ko kayan lefe?"

Ya saya don tausayi, ya ci loma biyu, ya miƙo tasa a ƙara. Kafin azahar ina kankare gindin tukunya. Washegari haka, jibi haka. Na koma tukunya biyu. Na sayo hatsi, Inna ta dama fura, Amadu ya ci tuwo da miyar kuka har ya yi barci da loma a hannu. Mu a gida ba mu ci jan faten ba ko sau ɗaya, iyakata in ɗanɗana gishiri a bakin ludayi. Wa zai ci abin da ke kawo hatsi? Wannan tsimin nawa shi ya kusa kashe ni.

Kwana shida ana rububi. Ran na bakwai mutum uku suka saya. Ran na takwas ba ko ɗaya. Ina zaune ina kallon mutanen da jiya suke ture juna a gabana, yau suna zagaye ni kamar akwai rami. Na gaida Mamman Dogo, ya amsa yana duban ƙafarsa. Na ɗanɗana faten, lafiyarsa lau. Na tambayi wannan, na tambayi wancan, kowa sai ya ce ba komai. A ƙarshe wata mai suyar kifi da ke kusa da ni, Gambi, ta ja ni bayan wata bishiya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Allah ya ji ƙanta.

"Ke ba ki san abin da ake ciki ba? Duk wanda ya ci abincinki, in ya zagaya sai ya ga ja. Manyan maza, ba yara masu tsargiya ba. Sun ɓoye ma juna don kunya, sai da guda ya hwaɗi, sannan kowa ya ce shi ma."

"Ja kamar yaya?"

"Kamar jini. Cewa ake kin sa masu abin nan da mata ka sa ma maza don su mallake su. Wai kin fita takaba kina neman miji, ga hannu har da lalle. Kuma an lura, ke ba ki taɓa ci ba."

Sai a lokacin na gane. Mutanen kogi sun san jan fitsari, amma a wurin yara masu wanka a gulbi suka san shi. Magidanci ya gani a jikinsa, bayan ya ci jan abinci daga hannun bazawara, me kuke so ya zata? Na ɗauki tukwanena cike na koma gida. Zancen kuwa ya riga ni isa, kuma bai tsaya nan ba, ya hau kamiyo ya tafi Yamai. Kwana huɗu tsakani sai ga Baffanku a ƙofar gida, tun sanyi bai wuce ba.

Inna ta sa aka kira Baba Tondi. Tsohon nan da ya ji abin da ya faru sai ya dafe kai. Ya ce kowa ya ci betarab da yawa haka yake gani, kumandan ma haka, shi ma haka, kwana ɗaya ya wuce, ba ciwo ba ne. Inna ta ce to me ya hana shi faɗa tun farko? Ya sunkuyar da kai.

"Inna, ni tsoho, ita yarinya. Da wane baki za ni yi mata zancen bayan gida?"

Kun ji fa. Shi kunya ta hana shi gargaɗi, su kunya ta hana su tambaya, ni ce a tsakiya. Baffanku ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ko da gaskiya ne, wa zai yarda da shaidar mai ban ruwan Nasara? Ya ce suna ya riga ya ɓaci, tukunya ta mutu, sharaɗi ya cika. Ya ce 'ya'yan ƙanensa ba za su tashi a hannun matar da ake nunawa da baki ba. Kamiyon da ya yi wa lodi zai tashi jibi da hantsi, a haɗa musu kayansu. Na duƙa gabansa ina kuka, na rantse da duk abin da na sani, bai ko dube ni ba. Inna ta jira ya fita. Sannan ta ajiye mazari.

"Gobe ki dafa. Ki sa jan nan ya fi na kullum."

Ku da ba ku san ta da ƙarfinta ba, bari in gaya muku ko wace ce Inna. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. A ɗaki take ci, a bayan asabari. Rabonta da kasuwa tun ubanku yana yaro. Mace ce da ko tari ba ta yi gaban suruki. Wannan matar ce ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi, ta ɗauki sanda, ta biyo ni har bakin bak da hantsi, lokacin da wurin ya fi cika. Ta sa na shimfiɗa mata tabarma a gefen tukunya, ta zauna, ta wanke hannu.

"Zuba mani."

Na zuba mata. Ta yi bisimilla da ƙarfi, ta fara ci, a hankali, gaban shoferori da 'yan dako da masunta. Kowa ya zuba mata ido, har matan da ke kiran ciniki. Ta cinye, ta miƙo tasa na ƙara, ta cinye wannan ma, ta suɗe yatsu. Ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Ta tashi ta kama hanyar gida.

Na zaci iyakar abin ke nan, kuma na san bai isa ba, don an fara cewa ai tsohuwa rufa wa surukarta asiri take yi. Washegari na ɗaure muku 'yan tsummokaranku. Baffanku ya aiko a kai ku wurin mota. Inna ta ce ita za ta kai, ni kuma in ɗauko tukunya in biyo ta. Muka tarar an gama ɗaure kaya, Baffanku yana tsaye da babbar riga, mutane kewaye da shi, da yawansu masu cin abinci a ƙarƙashinsa. Inna ta tsaya a tsakiyar fili, Amadu riƙe da zanenta, ta buga sanda a ƙasa.

"Ku matso, samari. Jiya kun ga na ci, tasa biyu. To yau da asuba na zagaya, kuma na ga abin da kunka gani. Ja wur. Ga ni tsaye, ba ciwon kai, ba na mara. In akwai mai shakka, ban zubar ba, yana nan cikin kasko bayan ɗaki, shi zo in gwada mashi."

Wani ya ce subhanallahi. Wasu suka rufe fuska da hula. Ita kuwa ko gezau.

"Kun ce tana sa ma maza magani don ta samu miji. To ni fa? Ni ma aurena za ta yi?"

Mamman Dogo ne ya fara tuntsirewa da dariya, har da riƙe ciki, sai wuri ya ɗauka gaba ɗaya. Yana share hawaye ya zo ya tsuguna gabanta ya ce a yafe musu, sun ci amanar Garba. Ya juyo ya miƙo mini tasarsa. Kafin in ankara tasoshi sun yi mini yawa, ina zubawa ina kuka, ban ma san wa nake ba wa ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Na ɗaga kai na ga Baffanku, fuskarsa kamar an watsa mata toka. Uwarsa, gaban yaran motarsa, tana zancen abin da ke cikin kaskonta. Ya matso kusa da ita.

"Inna, kin tuɓe ni a kasuwa."

Inna ta dubi kogi.

"A gaya ma na Yamai tukunya ba ta mutu ba. Ɗiya suna nan."

Ya juya ya hau gaban mota. Bai yi mata sallama ba. Muna tsaye har kamiyon ya hau tudu ya ɓace, sannan ta miƙo mini ƙullin kayanku ta ce in mayar ɗaki.

Tukunyar nan ita ta riƙe mu har aka gina gada, bak ya daina aiki. In sanyi ya wuce betarab ya ƙare, sai in koma farin fate, kuma mutanena ba su gudu ba. Sauran matan ma suka koya, Baba Tondi ya samu masu saye har ya ƙara fili, ya mutu da rufin asirinsa. Ni kuma na koyi darasi. Duk baƙon da ya saya, sai in miƙa masa in kau da kai in ce, malam, gobe kada ka firgita. Wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba na kusa da shi ya yi masa bayani. Ba ranar da zan ɗora tukunya ban yi wa tsohon nan addu'a ba, da Gambi, da Mamman Dogo da bai ji nauyin tsugunawa ba. Allah ya haɗa ni da mutanen kirki a shekarar da na fi bukatarsu, ban kuma isa in biya ko ɗayansu ba.

Amma Inna ita ta biya kuɗin abin, ba ni ba. Baffanku bai yanke mata aike ba, ina shaida. Duk salla ga zane, ga goro, ga buhun shinkafa. Ƙafarsa ce bai ƙara sakowa Gaya ba, shekara tara, sai ranar da ya zo aka sa ta a ƙasa, ya yi kukan da ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Kada ku riƙe shi a zuci, ya sha nasa. A shekarun nan tara, kusa da zaure Inna ta mayar da wurin kaɗinta, ta ce wai nan ya fi haske. In kamiyo ya yi oda daga hanyar Doso, wadda ta taho daga Yamai, sai in ga mazari ya tsaya a hannunta, sai ƙarar ta wuce ta ci gaba. Ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba, ba ta da bakin yi. Ko sunansa ba ta da ikon kira ta ji sanyi.

Wata rana da la'asar na kasa daurewa. Mota ta wuce, mazari ya tsaya, ku kuna wasan ƙasa a gabanta ba ku san komai ba. Na durƙusa na ce Inna ki gafarce ni, ni na raba ki da ɗanki. Ta dube ku, ta amsa.

"Shi da gemunshi, ya san hanyar gida, ran da ya so ya zo. Waɗannan da an tahi da su, ba su san ta ba."

Sai ta kira Rabi ta ce ta zo a kakkaɓe mata ƙasar da ke kanta.